Me ya sa baƙi da waɗanda ba 'yan ƙasa ba suka fi faɗawa hannun masu safarar mutane?

Malama Rabi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da nake roƙon masu sani su warware mini, domin amsoshin da nake ji ba su gamsar da ni ba. A ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022 tare da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya da gidauniyar Walk Free, an kiyasta cewa mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a faɗin duniya, kuma an nuna cewa wanda ke aiki a ƙasar da ba tasa ba ya fi ɗan ƙasa haɗarin faɗawa wannan hali har fiye da ninki uku.

Bayanin da na fi ji a bakin mutane shi ne, baƙin haure abin ke shafa, wato waɗanda suka tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya ba fasfo ba biza, kuma wai da kowa zai yi haƙuri ya bi hanyar da doka ta tanada, da masu safarar mutane sun rasa kasuwa. Yawancin gangamin wayar da kai a kan wannan tunani aka gina shi: kada ka yarda da dillali, kada ka bi hamada, kada ka hau kwalekwale. Ban ce shawarar ba ta da amfani ba. Sai dai ana yawan samun labarin matan da suka tafi aikin gida da bizarsu da takardar kwantiraginsu a hannu, jirgin sama ya kai su, jami'in shige da fice ya buga musu hatimi, amma suka ƙare a kulle cikin gida, ba albashi, ba fasfo, ba damar fita. Idan rashin takardu ne tushen matsalar, su kuma me ya same su?

Saboda haka nake tambaya, shin raunin yana tattare da baƙon ne, wato talaucinsa da rashin sanin gari da rashin jin harshe, ko kuwa yana cikin dokokin ƙasar da ya sauka? Ina kuma so a bambance mini tsakanin mai fasa-ƙwaurin mutane da mai safarar mutane, domin a labarai sau da yawa ana haɗa su wuri ɗaya kamar abu guda.

Barista Aminu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce mabuɗin ta farkon.

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji biyu daban-daban, waɗanda aka fara rattaba wa hannu a birnin Palermo na Italiya. Ɗaya ta shafi fasa-ƙwaurin baƙin haure, wato mutum ya karɓi kuɗi ya tsallakar da wani iyaka ba bisa doka ba. Laifi ne da aka yi wa ƙasa, kuma bisa al'ada hulɗar tana ƙarewa da zarar an isa. Ɗayar, wadda ta fara aiki a Disamba 2003, ita ce ta safarar mutane, kuma tana neman abu uku su haɗu: a ɗauki mutum, ko a kai shi wani wuri, ko a karɓe shi, ko a ajiye shi, a yi hakan ta hanyar barazana, ko tilas, ko yaudara, ko amfani da halin rauni da yake ciki, sannan manufar ta kasance a ci da guminsa, ko ta aikin tilas, ko karuwanci, ko bauta, ko cire sassan jiki. Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar sharaɗi na biyu. Ki lura cewa babu inda aka ce sai an tsallaka iyaka, kuma babu inda aka ce sai mutum ya shiga ƙasa ba bisa doka ba. Haka nan amincewar da ya yi tun farko ba ta wanke mai laifin idan da yaudara ko tilas aka same ta.

Game da tushen raunin kuwa, ra'ayina shi ne, talauci da rashin jin harshe suna sa mutum ya shiga hannu, amma abin da ke hana shi fita daban ne. Ɗan ƙasa da ubangidansa ya hana albashi yana iya ajiye aikin ya nemi wani, ko ya kai ƙara. Baƙo kuwa, idan zamansa a ƙasar ya rataya a kan yardar mutumin da ke cutar da shi, barin aikin yana nufin ya zama mai laifi a idon hukuma, kai ƙara kuma yana nufin ya miƙa kansa ga waɗanda za su tasa ƙeyarsa gida da bashinsa a wuya. Mai cutarwar ba ya buƙatar sarƙa ko kwaɗo, domin ya san tsoron jami'in shige da fice zai tsare masa ma'aikacin kyauta. Wannan hali yana samun marar takarda, yana kuma samun mai takarda idan takardar tasa a ɗaure take da sunan ubangida ɗaya.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta Oxana Rantseva, wata matashiya 'yar Rasha da ta shiga ƙasar Saifurus a Maris 2001 da bizar masu wasan nishaɗi, irin wadda masu gidajen rawa ke nema wa matan da suka ɗauko. Bayan 'yan kwanaki ta bar aikin. Manajan gidan ya gano ta, ya kai ta ofishin 'yan sanda yana neman a kore ta daga ƙasar don ya samu damar kawo wata a madadinta. 'Yan sandan suka duba suka ga ba ta cikin waɗanda ake nema, amma maimakon su sallame ta, sai suka kira shi ya zo ya tafi da ita, kuma bayan 'yan sa'o'i aka tsinci gawarta a ƙasan benen da ya kai ta. A Janairu 2010 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa tsarin bizar kansa ya gaza kare irin waɗannan mata. Wannan yarinya ba ta shiga ta ɓarauniyar hanya ba, kuma ta isa har gaban hukuma, amma hukumar ta ɗauke ta tamkar kayan wanda ya nema mata biza.

A ƙasashen yankin Gulf da Lebanon da Jodan, tsarin kafala yana yin irin wannan aiki a kan miliyoyin mutane. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin shigowar ma'aikaci, shi ne ke riƙe da izinin zamansa, kuma idan ma'aikacin ya bar shi yana iya shigar da ƙarar cewa ya gudu, daga nan wanda aka zalunta ya koma wanda ake nema. Riƙe fasfo haramun ne a dokokin yawancin waɗannan ƙasashe, amma ana yi. An samu gyara a wasu wurare: Qatar ta soke sharaɗin neman yardar ubangida kafin a sauya aiki a 2020. Sai dai 'yan aikin gida su ne kullum gyaran ke isa gare su a makare, kuma a Lebanon dokar ƙwadago ta ware su gaba ɗaya, ba ta shafe su.

Kada kuma a zaci wannan halin wani yanki ne kawai. A Birtaniya, daga 1998 'yar aikin gida da ubangidanta ya shigo da ita tana da damar sauya wurin aiki, amma a Afrilu 2012 aka janye wannan dama aka ɗaure bizar da ubangida ɗaya. Da ƙorafi ya yi yawa aka sassauta a 2016, aka ce za ta iya sauyawa, amma a cikin wata shida na bizar kawai, kuma da wuya a samu gidan da zai ɗauki wadda wata ɗaya ko biyu ya rage mata. A Amurka ma, bayan guguwar Katrina ta 2005, wani kamfanin gyaran jiragen ruwa ya kawo ƙwararrun masu walda da masu haɗa bututu kusan 500 daga Indiya da bizar aiki ta wucin gadi, bayan kowannensu ya biya dillalai dubban daloli bisa alƙawarin ƙarya cewa zai samu izinin zama na dindindin. A 2015 kotu ta ba biyar daga cikinsu diyyar dala miliyan 14. Waɗannan maza ne masu sana'a, masu ilimi, da takardunsu cikakku.

Shi ya sa nake ganin gangamin da ya tsaya a kan cewa kada a bi ɓarauniyar hanya ya faɗi rabin gaskiya ne. Ya ɗora nauyin duka a kan matafiyi, ya bar dokar da ta miƙa wuyansa ga wani mutum ba tare da an tambaye ta komai ba.

Alhaji Sule ya rubuta:

Barista, na amfana da bayaninka, amma ina ganin ka ba takarda nauyin da ya wuce nata, kuma ina da hujja. A 2019 wata kotu a Ingila ta ɗaure gungun wasu 'yan ƙasar Folan da suka ci da gumin 'yan ƙasarsu kusan 400 a yankin West Midlands. A lokacin Birtaniya tana cikin Tarayyar Turai, don haka kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana da cikakken 'yancin zama da aiki, babu wanda zai kore shi, kuma bizarsa ba ta ɗaure da kowa ba domin ba ya ma buƙatar biza. Duk da haka aka riƙe su. An zaɓo marasa matsuguni da waɗanda suka fito daga kurkuku da masu fama da shaye-shaye, aka buɗe asusun banki da sunayensu aka riƙe katunan, albashi yana shiga ana kwashewa, su kuma ba sa jin Turanci kuma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne, kuma wannan makanta ba doka ce ta haifar da ita ba. Ban da haka, rahotannin Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun nuna cewa fiye da rabin waɗanda ake ganowa an yi safararsu ne a cikin ƙasarsu ta haihuwa.

A ganina bashi ya fi biza riƙe mutum. Wanda ya jinginar da gonar iyayensa, ko ya ci bashi da ruwa don ya biya dillali, ko an buɗe masa ƙofa ba zai fita ba, domin ya san abin da ke jiransa a gida: masu bin bashi, da iyalin da suka sa rai, da kunyar dawowa hannu rabbana. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta hana kamfanonin neman aiki karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci, amma ƙasashen da suka amince da ita ba su da yawa, kuma dillalin da ke zagayawa ƙauyuka ba shi da ofis balle a bincike shi. Wani lokaci ma ana ƙara wa bashin wani ɗauri da ba ya cikin kowace takarda. Matan da ake kaiwa Italiya daga jihar Edo ana rantsar da su a gaban boka cewa ba za su gudu ba kuma ba za su tona asiri ba har sai sun biya dubban yuro, abin da ya kai Oba na Benin ya fito a Maris 2018 ya warware irin waɗannan rantsuwoyi a bainar jama'a. Wace dokar biza ce za ta kwance wannan?

Sannan ina tsoron kada mai karatu ya ɗauka cewa tafiya da takarda da tafiya ba takarda duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Bambancin da ka yi tsakanin mai fasa-ƙwauri da mai safara yana da kyau a kotu, amma a kan hanya mutum ɗaya ne ke sauya riga. Direban da aka biya ya kai ka iyaka yana iya sayar da kai ga wani, a kulle ka, a kira danginka ta waya suna jin kukanka har su turo kuɗin fansa. An yi wa 'yan Eritiriya haka shekara da shekaru a yankin Sina'i, ana kuma yi a Libiya, inda a Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna ana gwanjon mutane a kan kimanin dala 400. 'Yar aikin da ke ƙarƙashin kafala tana cikin ƙunci, amma akwai ofishin jakadanci da ya san ta shiga ƙasar kuma akwai sunanta a wani kundi. Wanda ya ɓace a hamada ba ya cikin kundin kowa.

Hajiya Maryam ta rubuta:

Ina so in ƙara wani rukuni da ba a ambata ba, alhali Malama Rabi ta ce waɗanda ba 'yan ƙasa ba, kuma ba duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne ya yi ƙaura. Akwai mutanen da aka haife su a wuri, aka haifi kakanninsu a wurin, amma babu ƙasar da ta yarda cewa nata ne. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da lissafin fiye da mutum miliyan 4 a wannan hali, kuma ita da kanta ta ce ainihin adadin ya zarce haka nesa.

'Yan ƙabilar Rohingya su ne misalin da ya fi tayar da hankali. Dokar zama ɗan ƙasa ta Myanmar ta 1982 ta bar su a waje, don haka ba su da fasfo, kuma wanda ba shi da fasfo ba shi da hanyar halal da zai bi ko da ya so. Shawarar da ake bayarwa ta cewa a bi ƙa'ida ba ta da ma'ana a wurinsa. Abin da ya rage masa shi ne jirgin ruwan dillali, kuma a Mayu 2015 duniya ta ga inda wannan jirgi ke kaiwa, lokacin da aka gano sansanoni da kaburbura a dajin lardin Songkhla na kudancin Tailan, sannan aka gano wasu kaburbura 139 a Wang Kelian da ke ɓangaren Malesiya. A nan ake tsare mutane har sai dangi sun biya. A Yuli 2017 wata kotu a Bankok ta samu mutum 62 da laifi, ciki har da wani janar na soja, Manas Kongpan, wanda hakan ya nuna cewa irin wannan fatauci ba ya tafiya sai da hannun masu kaki. A Tailan ɗin dai, binciken UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a tsakanin ƙabilun tsaunukan arewa ya gano cewa rashin shaidar zama 'yar ƙasa shi ne babban abin da ke jefa yarinya cikin haɗarin safara, domin yana toshe mata karatu mai zurfi da aikin hukuma da ma izinin fita daga gundumarta.

Abin takaici shi ne, ana ci gaba da haifar sababbin marasa ƙasa, domin har yanzu fiye da ƙasashe 20 ba sa barin uwa ta ba ɗanta shaidar zama ɗan ƙasa daidai da uba. Idan uban baƙo ne, ko ya gudu, ko shi ma ba shi da ƙasa, yaron ya tashi ba rajista. Yaron da ba shi da takardar haihuwa kuwa ba zai iya tabbatar da cewa bai kai 18 ba, don haka kariyar musamman da Barista ya ambata tana iya kuɓuce masa a daidai lokacin da yake buƙatarta.

Alhaji, ina tare da kai a kan bashi, amma ina ganin abin da ya faru da 'yan Yukren yana ƙarfafa maganar Barista. Da yaƙi ya ɓarke a Fabrairu 2022, an ji tsoron cewa masu safara za su yi wa miliyoyin mata da yara da ke gudu rubdugu. A farkon Maris Tarayyar Turai ta ba su kariya ta wucin gadi: izinin zama, da izinin aiki a wurin duk wanda suka ga dama, da makaranta, da asibiti, ba tare da sun biya mai fasa-ƙwauri ko sisi ba. An samu waɗanda aka ci zarafinsu, amma ba a ga annobar da aka zata ba. Su ma baƙi ne, su ma da yawansu ba sa jin harshen inda suka sauka, kuma sun bar komai nasu a baya. Abin da ya bambanta su da ɗan Siriya ko ɗan Afganistan da ya bi ta teku shi ne ƙofar da aka buɗe musu.

Malama Rabi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abin da na fahimta shi ne, Barista da Alhaji ba su saɓa sosai ba, domin bashi ne ke sa barazanar kora ta yi kaifi, ita kuma barazanar korar ita ke hana mai bashin neman wani aiki da zai biya. Amma akwai abin da ya rage mini. Idan tsoron kora ne ke rufe bakin wanda aka zalunta, maganin da ke zuwa a rai shi ne a ba shi izinin zama idan ya fito ya faɗi gaskiya. To, ba za a samu mutane su riƙa ƙirƙirar labarin safara don su samu takarda ba? Na sha jin 'yan siyasa suna kafa wannan hujja, kuma ban san yadda zan auna ta ba.

Barista Aminu ya rubuta:

Alhaji, na karɓi gyaranka a kan hamada da teku, kuma ba zan taɓa ba wani shawarar ya bi su ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, toshe hanya ba ya rage masu tafiya gwargwadon yadda yake ƙara kuɗin tafiyar, kuma duk abin da ya ƙara kuɗin tafiya ya ƙara bashin da kake magana a kai.

Malama, hujjar 'yan siyasar ba a banza take ba, domin duk inda aka ajiye alfarma za a samu mai neman ta da ƙarya. Amma a duba abin da ya faru a inda aka gwada. Amurka ta ƙirƙiro biza ta musamman ga waɗanda aka yi safararsu a dokarta ta 2000, ta kuma ƙayyade 5,000 a shekara saboda tsoron kada a yi mata yawa. A shekara ashirin na farko ba a taɓa kai ko rabin wannan adadi ba. Matsalar da ta bayyana ita ce ƙarancin masu fitowa, domin bizar tana neman babba ya ba jami'an tsaro haɗin kai, shi kuma yana tsoron abin da za a yi wa iyalinsa a gida, inda 'yan sandan Amurka ba su da iko. Italiya ta bi wata hanya tun 1998, inda sashe na 18 na dokarta ta shige da fice ya ba da damar samun izinin zama ta hannun ƙungiyar jin ƙai ko hukumar walwala, ko da mutum bai shigar da ƙara ba. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe ta 2005 kuma ta wajabta a ba wanda ake zaton an yi safararsa aƙalla kwana 30 ya huta ya yi tunani, ba tare da an kore shi ba, ta kuma nemi kada a hukunta shi a kan laifin da aka tilasta masa aikatawa. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana ƙara muhimmanci yanzu, domin a Agusta 2023 Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ne ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, yawancinsu baƙi da aka yaudara da tallan aikin kwamfuta. Idan aka kai samame, da wace fuska za a dube su, 'yan damfara ko waɗanda aka cuta?

Duk da haka, ni ban ɗauki bizar waɗanda aka cuta a matsayin babban magani ba, domin tana zuwa ne bayan ɓarna, kuma tana sa mutum ya tabbatar da cewa wahalarsa ta kai mizani kafin a saurare shi. Yawancin ci da gumi yana farawa ne da ƙaramin abu, kamar jinkirin albashi da ƙarin sa'o'i da karɓe fasfo da sunan ajiya, kuma a wannan mataki ne ya kamata ma'aikaci ya iya kai kuka. Ba zai iya ba muddin sufeton ƙwadago yana zuwa tare da jami'in shige da fice, ko yana miƙa masa sunayen waɗanda ya tarar. A Manolada ta ƙasar Girka, 'yan Bangladash marasa izinin aiki sun yi watanni suna tsinkar 'ya'yan itace ba a biya su ba, kuma da suka taru neman haƙƙinsu a Afrilu 2013 wani mai gadi ya buɗe musu wuta ya raunata 30. Da 42 daga cikinsu suka kai ƙara, Kotun Turai ta yanke a 2017 cewa aikin tilas ne, duk da cewa ba a kulle su ba kuma da ƙafarsu suka zo, domin masu gonar sun san ba su da inda za su. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta ce ko ma'aikaci ba shi da takarda dole a biya shi albashin da ya yi wa aiki. Birtaniya kuwa a 2016 ta mayar da yin aiki ba izini laifi a kan ma'aikacin kansa, har ana iya ƙwace abin da ya samu, kuma ba sai an faɗa ba, ubangida marar imani ya san yadda zai yi amfani da wannan.

Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 ta kare haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani da iyalansu, wadda ta tanadi abubuwa da yawa daga cikin waɗannan, amma kusan duk waɗanda suka amince da ita ƙasashe ne masu tura ma'aikata. Babu ko ɗaya daga ƙasashen Tarayyar Turai, ko Amurka, ko ƙasashen Gulf, da ta amince da ita.

Alhaji Sule ya rubuta:

Barista, na yarda da kai cewa raba sufeton ƙwadago da jami'in shige da fice, da ba ma'aikaci damar sauya ubangida, za su rage abin da yawa. Amma zan tsaya a kan bakata game da abu ɗaya, kuma ina so ƙasashen da mutane ke fitowa su ɗauki nasu kason, kada a jibge komai a kan masu karɓar baƙi. Idan aka ceto mutum aka saka shi a jirgi aka mayar da shi gida, ana rubuta shi cikin waɗanda aka kuɓutar, amma wanda ya ba shi bashi yana nan, kuɗin ruwa ya ƙaru, kuma dillalin da ya tura shi yana zaune a garinsu ba wanda ya taɓa shi. Irin wannan mutum shi ne ya fi kowa saurin sake karɓar tayin tafiya, sau da yawa daga hannun dillalin farko. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kiyasta a 2024 cewa ribar haram da ake samu daga aikin tilas ta kai dala biliyan 236 a shekara, kuma abin da ke komawa hannun waɗanda aka tatsa a matsayin diyya bai taka kara ya karya ba. Ni da za a tambaye ni inda za a fara, zan ce a wajabta wa mai ɗaukar aiki biyan duk kuɗin dillali da na biza da na jirgi, a kuma ba wanda aka mayar gida damar ci gaba da bin albashinsa a kotun ƙasar da ya baro ta hannun lauya ko ƙungiyar ƙwadago, domin a halin da ake ciki ƙarar tana mutuwa ne ranar da jirginsa ya tashi.